Kular Gado Na Tara

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin maza na wani asibiti da ke cikin garin Lafiya ya san ba sai ya duba agogo zai gane bakwai na safe ta yi ba. Da zarar an ture ƙofa da kafaɗa, don hannuwa duka biyu a cike suke, aka kuma rangaɗa sallama kamar an shigo gidan suna, to Ikilima ce ta iso da bokitin kunun gyaɗa. Anti Kunu majinyata ke ce mata, har tsofaffin da suka yi jika da ita. Shekararta ashirin da biyu, ba ta da wani jiki, amma in tana ratsa tsakanin gadaje sai ka rantse ita ta gina asibitin.

'Yar Alhaji Kalilu ce mai sayar da kayan keken ɗinki a kasuwa, wanda fatauci ya kawo kakansa daga Katsina, ya ɗanɗana sakwara, ya ce shi kam ya iso gida. A unguwar Akurba suke zaune, tana karatun kiwon dabbobi a wata kwaleji da ke Shabu. Wannan aiki kuwa ba wanda ya ɗora mata. Shekara biyu da suka wuce ta yi jinyar mahaifiyarta a asibitin, ta ga yadda wasu ke kwana su wuni ba mai leƙo su da ko ruwan zafi. Abin ya tsaya mata a rai. Da aka sallame su sai ta dawo da kunu, washegari ma ta dawo, har abin ya zame mata jiki. Yanzu 'yan ajinsu da matan unguwa ke tara mata shinkafa da gyaɗa da doya, ita kuma ta dafa, ta ɗaure a bayan okada. Kunun safe na kowa ne. Abincin rana kuwa na waɗanda ba su da mai kawo musu ne, kowa da kularsa, da lambar gadonsa a jikin murfi.

Wata Litinin tana cikin zuba kunu sai Sista Cordelia, babbar nas ɗin ɗakin, ta yafuto ta gefe. Mace ce mai faɗa kamar ta ari baki, ga kuma tausayi, sai dai faɗan ne ke fara fitowa.

"Anti Kunu, zo ki ga wahala," in ji Sista, tana nuni da haɓa. "Yaron can na gado tara, Yahya, daga wajen Arikya aka kawo shi. Bijimi ya matse shi a jikin itace, cinya ya karye. Sun je wajen mai ɗori sati uku, ciwo ya lalace. Dakta ya ce zai yi aiki ran Alhamis na sama, amma sai magani ya kama jiki tukuna. To kowane magani na ba shi, amai. Ciki ba komai, ta yaya magani zai zauna? In ranar ya zo bai yi ƙarfi ba, ƙafa zai tafi. Abeg, ki sa shi a lis naki."

Ikilima ta dubi gado na tara. Saurayi ne dogo, bai fi ashirin da biyar ba, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. A gefensa, kan tabarma, wani dattijo ne zaune da malfa a gwiwa da carbi a hannu. Makiyayi da ƙafa ɗaya, ai an gama da shi. Wa zai bi shanu daji da sandar guragu? Nan take ta ji a ranta cewa wannan ƙafa ba za ta tafi ba, in dai abinci ne maganinta.

Da rana ta kawo faten doya da alayyafo. Ta durƙusa ta gaida dattijon, ya ce sunansa Saleh, ta ce to ita Baffa za ta kira shi. Ta ajiye kular a tsakaninsu, da cokali biyu.

"Baffa, ga shi ku ci da zafinsa. Yahya, ka daure ka ci, ka ji? Abinci shi ne rabin magani."

Dattijon ya yi ta sa albarka, idonsa a ƙasa. Yahya ya ce ya gode, idonsa a rufin ɗaki. Ikilima ta ce a ranta uba da ɗa ne masu kawaici, ta wuce gado na gaba. Washegari da safe ta tarar da kular a wanke tas. Daɗi ya kama ta. Ta ƙara wake, ta ƙara ganye. Ran Alhamis har mahauta ta je da kanta ta samo hanta, ta yanka ƙanana, ta zuba a kular gado na tara ita kaɗai, don ta ji an ce hanta na ƙara jini.

Amma kula na dawowa wayam, Yahya kuwa sai ƙara zubewa yake. Sista Cordelia ta ce har yanzu aman yake, kuma abin da ke fitowa ruwa ne zalla. Kwana huɗu sun tafi a banza.

Asiri bai tashi tonuwa ba sai ran Juma'a, kuma mai gado na goma ne ya tona kansa. Shima sunansa, Batibi ne direban tifa, an ɗaure masa kafaɗa da filasta. Mutum ne mai fara'a da cika ɗaki da dariya, matarsa kuma kullum sai ta kawo masa abinci, don haka ba ya cikin masu kula. Ikilima na miƙa masa kunu ya ɗaga babban yatsa.

"Anti Kunu, wallahi hannunki yana da kyau. Wannan hanta na jiya, kai! Ko madam ɗina bai iya shi haka ba."

Ludayi ya tsaya cak a hannun Ikilima.

"Oga Shima, wace hanta?"

Shima ya dubi gado na tara, ya dubi ƙofa, ya ga ba hanyar gudu ga mai karyayyar kafaɗa. Ya rage murya.

"Anti, ba sata na yi ba fa. Kina fita, Baba zai turo mini kula da ƙafa, ya ce bisimilla. Na ce ku fa? Ya ce sun ƙoshi. To ni na ce ƙila Fulani ba su cin abincin gari. Zan bar shi ya lalace?"

Ran Ikilima ya ɓaci matuƙa. Ta tashi tun asuba, ta sha hayaƙi, ta yi rigima da mahauci, ashe duk ƙaton nan take yi wa kiwo, ga shi kuwa har kumatu ya yi. Ta so ta yi masa tas, amma ta haɗiye, don ɗaki cike yake da marasa lafiya. Maganarsa ta ƙarshe ce ta riƙe. In abincin gari ne ba su so, ai wannan mai sauƙi ne.

A bakin ƙofar asibitin akwai wata Inna Usaina da ke zama ƙarƙashin dalbejiya da ƙwaryar nono. Da rana Ikilima ta sa ta dama fura mai kauri, ta shigo da ita da ludayi sabo. Wannan karon ba ta ajiye ta wuce ba. Ta ja kujera ta zauna a gaban gadon.

"Yahya, yau ba inda za ni sai na ga ka sha. Ga fura, ga nono, na gidanku ne. Baffa, ka sa baki mana. Ƙafarsa fa ake magana."

Ta miƙa ludayin. Yahya bai karɓa ba. Maƙogwaronsa ya motsa, ta ga yadda ya bi furar da ido, yunwa ƙarara a fuskarsa. Sai gumi ya karyo masa. Ya ja zanen gado ya rufe kansa. Dattijon kuwa ya juya ya fuskanci bango, ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji.

Ikilima ba ta san me ta yi ba, amma ta san ta yi ɓarna, garin gyaran gira tana neman tsone ido. Ta ɗauki ƙwaryar ta fita sumui-sumui.

Inna Usaina ta ga fura ta dawo yadda ta tafi, ta tambayi dalili. Ikilima ta zauna a kan dutse ta kwashe labari ta gaya mata, hawaye na neman zubo mata don takaici.

"Wane tsoho?" in ji Inna Usaina. "Mai jar malfa? Saleh na wajen Arikya?"

"Shi, Inna. Babansa."

Tsohuwar ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Wane irin babansa! Yarinya, ai surukinsa ne. 'Yar Saleh ta fari yaron ke aure, tana can gida da tsohon ciki. Dangin yaron sun yi Taraba da shanu tun bara, shi ya sa tsohon ya zo jinya. Ke kuma kika zauna kika ce ya buɗe baki ya sha fura a gaban uban matarsa? A wajenmu ko ruwa ba zai kurɓa ba. Ya gwammace a yanke ƙafar. Shi ma tsohon ba zai ci a gabansa ba, ba kuma zai iya ce masa ci ba."

Ikilima ta dafe kai. Ai ko a gidansu ta san kunyar surukai, mijin yayarta bai taɓa cin ko goro a gaban Alhaji Kalilu ba. Ita ce ta ga tsoho da saurayi ta yanke musu hukuncin uba da ɗa, ba ta tambayi kowa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Har cokali biyu ta riƙa sa musu, don a ci tare!

Abu ɗaya ne bai shige ta ba. Tsoho ya san al'adarsa, me ya hana shi tashi ya ba yaron wuri? Wannan amsar a wajen Shima ta same ta, da ta tare shi a baranda yana shan iska.

"Ai ranar farko Baba ya fita," in ji Shima. "Yaron ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa, ya faɗo daga gado, ciwo ya buɗe, jini ko'ina. Sista ya zo ya yi wa Baba faɗa sosai. Ya ce in ya sake tashi daga wurin, abin da ya faru shi ne ya jawo. Tun ranar, ko salla a nan yake yi. Bayi ma da gudu yake zuwa, tsoho da shi."

Nan Ikilima ta ga abin gaba ɗayansa, tausayi ya kama ta. Mutum biyu suna kashe kansu da yunwa saboda girmama juna. Tsoho ya kasa tashi don kada yaro ya sake faɗuwa, yaro ya kasa ci don tsoho na zaune, kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa.

Ta sami Sista Cordelia a teburinta ta yi mata bayani. Sista ta ɗora hannu a ka.

"Jesus! Ni na ɗaure shi? To me ya sa ba su faɗa ba? Bari in je in gaya masa yanzu, Baba fita waje yaro zai ci abinci. Shi ke nan!"

Ikilima ta riƙo hannunta.

"Sista, don Allah kar ki yi. In kika faɗa a gaban mutane, kin tsiraita su duka biyu. Tsohon zai fita, amma yaron ba zai iya haɗiye ko loma ba, don ya san an kori surukinsa saboda cikinsa. Ki ba ni aron labulen nan mai taya da kuke kare gado da shi. Sauran ki bar mini."

Washegari Asabar, bayan ta gama rabon kunu, Ikilima ta zo gaban dattijon da littafin rubutu da biro. Ba ta dubi Yahya ba, ba ta ambaci abinci ba. Ta durƙusa.

"Baffa, taimako na zo nema. Karatun dabbobi nake yi a Shabu, jarrabawa ta matso, malamanmu kuma a allo suke nuna mana saniya. Ni ko tatsa ban iya ba. In za ka ba ni ɗan lokaci safe da rana, can ƙarƙashin mangwaro, ka koya mini yadda ake gane ciwo a jikin dabba, da ka yi mini gata."

Ba ƙarya ta yi ba, jarrabawar na nan tafe, kuma ta fi kowa sanin inda take da rauni. Dattijon ya ɗago ya dube ta, karo na farko tun zuwansa. Sannan ya dubi wajen teburin nas. Sista Cordelia, wadda aka riga aka shirya da ita, ta taso tana gyara hula.

"Baba, je ka koya mata, yarinyar nan ba ta san komai ba. Ni zan duba ciwo yanzu, ba na son mutum a wurin. Na ɗaga ƙarfen gado, ba zai faɗi ba. Ni na ce ka je."

Ta turo labule ta kewaye gadon ruf. Baffa Saleh ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya sa malfarsa ya bi bayan Ikilima. Kafin su kai ƙofa Sista ta zura ƙwaryar fura da kula ta ƙarƙashin labulen, ta juya ta zare wa Shima ido. Shima ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya rantse da kabarin kakansa ko ƙamshi ba zai shaƙa ba.

A ƙarƙashin mangwaro dattijon ya zauna, ya ce ta rubuta: saniya mai lafiya hancinta da danshi, in ya bushe a duba ta. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya gaya mata yadda ake gane ciwon hanta tun kafin dabba ta rame, da yadda tafiyar saniya ke nuna ƙafar da ke ciwo, da irin ciyawar fadama da ke kumbura ciki in an ci ta da raɓa. Ikilima na rubutu har yatsunta suka gaji. Da aka jima ta ce ta manta ludayinta a ɗakin mata, bari ta ɗauko. Ta tashi ta bar wata ƙwarya a rufe da faifai a gindin bishiyar, ba ta ce ta wane ne ba. Ta yi zamanta a baranda minti ashirin. Da ta dawo ƙwaryar na nan a rufe yadda ta bar ta, sai dai ba nauyi. Ba wanda ya ce komai a kai, aka ci gaba da zancen kaska.

A ɗaki kuwa Sista Cordelia ta tare ta da rawa. Yahya ya shanye fura, ya ci rabin fate, an ba shi magani ya zauna.

Haka aka yi ta yi, safe da rana, har da yamma. Ikilima ta riƙa zirga-zirga tsakanin Akurba da asibiti da Shabu, wani lokacin sau uku a yini, har masu okadan bakin hanya suka daina tambayarta inda za ta. Ta rasa lacca biyu, mahaifiyarta ta yi mata faɗan ramar da take yi. Ba ta fasa ba. Zuwa Litinin ba sai ta kira Baffa ba, yana hango ta da littafi zai ɗauki malfa. Ran Talata Yahya ya tashi zaune da kansa, har ya yi wa Shima dariya. Ran Laraba likita ya duba ciwon, ya duba sakamakon jini, ya daɗe yana nazari. Ya ce ba yadda ya so ba ne, amma za a gwada. Sai an buɗe za a san ko ƙafar za ta tsira.

Ran Alhamis da hantsi aka tura Yahya ɗakin tiyata. Baffa Saleh bai bi gadon ba. Ya tafi gindin mangwaro ya zauna da carbinsa. Ikilima ta zo da littafi don ta ɗebe masa kewa, amma yau ba darasi. Azahar ta yi, suka yi salla, suka dawo. Ita kanta tana ta lissafin kwana huɗun da ta ɓatar tana ciyar da gado na goma. In ƙafar nan ta tafi, ta san har abada ba za ta daina ganin laifinta ba.

Wajen ƙarfe uku suka hango an turo gado daga tiyata zuwa ɗakin maza. Dattijon ya miƙe zumbur, ya yi taku biyu, ya tsaya. Ya kasa gaba.

"Ɗiyata," ya ce, "je ki gano mini."

Ikilima ta ruga. Yahya na kwance bai farfaɗo ba, an lulluɓe shi zuwa ƙirji. Ba ta tsaya tambayar kowa ba, ƙarshen gadon ta nufa, ta ɗaga zanen. Tafin ƙafa biyu ta gani, masu kaushi da faso, ɗaya a naɗe da bandeji har idon sawu. Sista Cordelia ta ce an sa ƙarfe, an wanke ciwon, dakta ya ce nan da wata huɗu zai taka.

Ta dawo da gudu har mayafinta na faɗuwa.

"Baffa, biyu ne! Duka biyun suna nan!"

Dattijon ya koma ya zauna a kan saiwar mangwaro. Ya cire malfa ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa na girgiza. Ikilima ta kau da kai ta ba shi lokaci. Da ya natsu sai ya laluba aljihu ya ciro wata ƙaramar waya da aka ɗaure da roba, ya latsa, ya miƙa mata tana ringin.

"Tana can tana jira tun asuba," ya ce. "Ni ba zan iya yi mata zancen mijinta ba. Ke gaya mata."

Aka ɗauka tun kafin ta kai wayar kunne. Wata siririyar murya ta yi sallama a tsorace, ana jin kukan maruƙa a bayanta.

"Sunana Ikilima, daga asibiti nake," ta ce. "Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. An fito da Yahya lafiya. Da ƙafafunsa zai dawo miki."

Sai ta ji wayar ta faɗi ƙasa a can, mace na kuka tana kiran mutanen ruga da Fulatanci. Ikilima ba ta jin yaren, amma ta tsaya riƙe da wayar a kunne, tana share nata hawayen da bakin mayafi.